Tsohon Injin Kaɗi a Shubra

Da muka zo Alƙahira a shekarar 2012, mutum ɗaya nake tsoro a duk benen da muka kama haya a unguwar Hayyus Sabi'. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana karatun digiri na biyu a fannin fiƙihu, ni kuma ina zuwa koyon Larabci da safe. Muna hawa na huɗu, tsohon da nake tsoro yana hawa na uku.

Dogo ne siriri, kullum cikin jallabiya ruwan toka, hannunsa na dama a aljihu. Duk sanda muka haɗu a matakala sai ya daka mini tsawa da Larabcin Masar, wanda lokacin ban fara ganewa ba, idonsa ƙur a kan bakina. In na gaishe shi, tsawa. In na raɓe na ba shi hanya, tsawa. Na ce wa Malam mutumin nan ba ya ƙaunar baƙar fata, mu nemi wani gidan. Ya ce in ƙara haƙuri, ko wata biyu ba mu yi ba.

Matarsa ce ta warware mini. Wata gajeruwar tsohuwa ce mai fara'a, kowa Hajja yake ce mata. Ran nan ta ga na maƙale a bango ina jiran mijinta ya wuce, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Gaishe ki yake yi, ya binti," in ji ta, wato 'yata. "Shekara arba'in da huɗu ya yi a masana'antar kaɗin zare, ƙarar injina ta cinye masa kunne. Bai san ihu yake yi ba. Bakinki kuma da yake kallo, maganarki yake karantawa."

Kamar in nutse don kunya. Tun daga ranar na koma kiransa Ammu, wato baffa, kamar yadda 'yan benen ke yi, in zan gaishe shi kuma sai in fuskance shi sosai in buɗe baki.

Shekara ta zagayo, aka sa bikin autarsu. A can in za a aurar da yarinya, ana kiran mai gyaran katifa ya zo gida ya yi mata katifu da matasai na auduga. Wata safiya na hau saman bene da kwandon shanya, sai na ji wani sauti, tin, tin, tin, da ya sa na tsaya cak. Wani mutum ne zaune a tsakiyar tulin auduga, da wani ƙaton baka da ya kusa tsayinsa, yana dukan tsirkiyar da guduma ta katako, audugar tana tashi tana zubowa fara sol kamar kumfa.

Shiɓa ce. Bakan ya ninka na kakata sau nawa, amma aikin ɗaya ne.

Kakata ta wajen uwa, Iya, a wani ƙauye kusa da Funtuwa ta rayu, kuma ban taɓa ganin hannunta babu aiki ba. Ita take gurje audugarta ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da ɗan bakanta, ta zauna a gindin bango da mazari da alli tana kaɗi har rana ta karkata. Ran kasuwa kawuna, babban ɗanta, ya zo ya kwashi zaren, da yamma ya kawo mata kuɗinta ta ƙulle a bakin zane. Ina 'yar shekara tara ta sa ni a gaba ta koya mini, da ranƙwashi da komai. Ta rasu ina sakandare, ban kuma sake taɓa mazari ba.

Na ajiye kwandon. Na roƙi Hajja ɗan dunƙulen saɓi, wato audugar da aka shiɓe, na sauka gida na ɗauko tsinken gasa nama, na soke shi a jikin ƙaramin dankali don ya yi nauyi a gindi. Na dawo na zauna, na kafa tsinken a kan faranti na shayi. Babu alli, sai na goga yatsuna a jikin farin bango. Sau uku zaren yana tsinkewa. A na huɗu hannuna ya tuna, zare ya fara fitowa siriri yana naɗewa.

Matan da suka zo taya Hajja aiki suka zagaye ni suna ta salati, ɗaya har da guɗa. Ban san Ammu ya hau ba sai da inuwarsa ta rufe ni. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya durƙusa, ya zaro hannunsa na dama daga aljihu don ya kama zaren, sai mazarin ya suɓuce mini.

Babban yatsa da ƙaramin yatsa kawai ke hannun. Ukun tsakiya babu su, har da wani ɓangare na tafin, wurin ya shafe ya yi sumul. Shekara guda muna hawa matakala ɗaya ban sani ba.

Bai kula da kallon da nake yi ba. Ya ja zaren da yatsun nan biyu, ya warware murɗinsa, ya ɗaga shi a rana, ya sa a baki ya jiƙa, ya finciko har ya tsinke.

"Wa ya koya miki?" ya faɗa da ƙarfi.

"Kakata."

"Na ga makiyaya suna kaɗa gashin tumaki," ya ce. "Amma auduga, duk tsawon aikina ban taɓa ganin ta zama zare a hannun mutum ba. Yi in gani. A hankali."

Na yi, yana kallo kamar mai kallon dabo. Da na gama ya ce in gaya wa mijina ran Asabar za mu je wani wuri, akwai abin da yake so in gani kafin a raba shi da duniya.

Ran Asabar muka shiga ƙaramar bas zuwa dandalin Ramsis, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har tashar ƙarshe a Shubra, sannan tuk-tuk, irin keken nan namu mai ƙafa uku. A hanya Malam ya fahimtar da ni abin da Ammu ke faɗa: masana'antar da ya yi wa aiki an sayar da ita, an rufe, an sallami kowa, sabon mai wurin gidaje yake so ya gina. Mai gadin wurin tsohon abokin aikinsa ne, shi zai buɗe mana.

Ban taɓa shiga ɗaki mai girman na farkon da muka ratsa ba. Gilasan rufin sun farfashe, tattabaru na shawagi a ciki, tsohuwar ƙurar auduga ta yi baƙi tana reto daga ƙarafan sama kamar yanar gizo-gizo. Babu inji ko ɗaya, an riga an kwashe na zamani, sai ramukan kusoshi jere a ƙasa. Ammu bai ko waiwaya ba. Ya wuce da mu can baya, mai gadi ya buɗe wata ƙofar ƙarfe da ƙyar.

Da farko ban gane abin da nake gani ba. Wani dogon abu ne na baƙin ƙarfe, tsawonsa ya fi sahun masallacin Juma'ar garinmu. Yana da gida biyu: ɗaya a kafe, ɗaya kuma a kan tayoyin ƙarfe bisa layuka irin na jirgin ƙasa. A kan mai tayoyin wasu tsinkayen ƙarfe ne a jere, sun ɗan kishingiɗa, daga wannan bango har wancan. Na matsa na taɓa ɗaya. Siririn kai, kauri a tsakiya, ɗan kumburi a gindi.

"Malam," na ce, "mazari ne."

Na fara ƙirgawa, na wuce ɗari biyu, lissafin ya ɓace mini, ban kuma kai rabi ba. Malam ya goge wani rubutun Turanci da aka zuba a jikin ƙarfen, ya karanta sunan wani gari na Ingila da shekara. Ya sake karantawa, ya dube ni ya ce an ƙera abin nan tun Turawa ba su ci Kano ba.

Ammu ya ce a can Ingila ma sai da injin ya tsufa aka sayo shi, a nan kuma an daina aiki da shi tun yana saurayi, amma shi bai taɓa barin sa ya yi tsatsa ba. Ya ɗauko gwangwanin mai a wani lungu, ya ɗiɗɗiga, ya kira Malam da mai gadi suka kama wata babbar taya. "Yalla!" Suka juya. Wani abu ya yi ƙara a ciki, sai mazaran da igiyoyinsu ba su ruɓe ba suka tashi gaba ɗaya, suna juyawa babu hannun kowa a kansu, da wani irin zuuu kamar amya ta fashe.

Na ja da baya har na yi karo da bango. Bakina na ta innalillahi ban san ina yi ba. Ni da na san yadda mazari ɗaya ke cinye wunin mace, ya bar mata ciwon kafaɗa da kanta a yatsa, ga su nan jere suna yi su kaɗai.

Muka zauna a kan wani akwati, Ammu ya ba mu tarihin kamar yadda ya ji daga ustansa, wato ubangidan da ya koya masa aiki. Muryarsa na bugun bango tana dawowa, inda na kasa ganewa Malam ya fassara.

Ya ce a da duk duniya kamar Iya ake kaɗi, mace ɗaya zare ɗaya, ko da mazari ko da ɗan keken hannu. Masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi masa kaɗi kafin zare ya ishe shi. Sai wani masaƙi a Ingila ya haɗa wani katako da ke juya mazari takwas a lokaci guda in an murɗa taya ɗaya. Da maƙwabtansa masu kaɗi suka ji labari, suka fasa gidansa suka ragargaza abin, don sun gane abincinsu ne zai tafi. Fasawar ba ta hana komai ba. Wani ya zo ya ƙera wanda ruwan kogi ke juyawa. Shi wannan ba ya shiga ɗakin kowa, sai aka gina masa manyan gidaje a bakin kogi, mutane suka bar gidajensu suna zuwa wurinsa, ƙararrawa ce ke kiran su ita ke sallamar su. Na farko zarensa ba ƙarfi, na biyu zarensa da kauri. Sai wani mutum na uku ya haɗa su biyun ya fitar da mai zare siriri kuma mai ƙarfi.

"Shi ne kakan wannan," ya ce, yana dukan ƙarfen. "Kin san sunan da suka sa masa? Alfadari. Don uwarsa daban, ubansa daban."

Malam ya yi dariya. Ni ban iya ba, don Ammu ya ci gaba. Ya ce da injinan suka yi yawa, auduga ta yi musu kaɗan. Bayi baƙaƙe ke noma musu ita a Amurka. Da yaƙi ya tsayar da ta can, sai aka juya gonakin Masar suka koma auduga. Ya tambayi Malam ko mu ma an zo ƙasarmu neman ta. Malam ya ce ƙwarai, har yau gidan gurza yana nan a garin su matata. Ammu ya gyaɗa kai. Ya ce ɗanya take tafiya ta dawo zare da yadi, da arahar da babu macen da za ta iya yin gasa da ita.

Na tambaye shi me ya sa aka yi wa injin tayoyi. Ya tashi ya nuna mini. Gidan mazaran yana fitowa a hankali yana jan zare, ya ɗan tsaya, sannan ya koma da gudu yana naɗewa, haka wuni guda. Ƙura na taruwa a ƙarƙashi, in ba a share ba wuta na iya tashi, kuma ba a tsayar da inji don shara. Saboda haka tun a Ingila yara ake sawa, da yawansu marayu, su shiga ƙarƙashin zaren da rarrafe in ya fito, su fita kafin ya koma.

"A nan ma haka aka yi," ya ce. "Ina ɗan shekara goma sha ɗaya babana ya kawo ni."

Ya taka zuwa layi na uku daga ƙofa ya tsaya. Ya ce a nan ne. Ƙasa duk mai, babu takalmi a ƙafarsa, santsi ya kwashe shi, ya dafa layin don ya tashi, tayar ta dawo.

"An tsayar da injin?" Malam ya tambaya.

"An tsayar. Jini ya fallatsa a zare, sai da aka yanke wanda ya ɓaci." Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin farashin tumatir. "Usta ya ɗaure mini hannu da tsumman goge mai, ya ce wani ya kai ni asibiti. Ban kai bakin ƙofar can ba na ji injin ya tashi."

Bayan kwana arba'in babansa ya dawo da shi, ya yi ta roƙo har aka sake ɗaukar sa. Mai gadi, da ya ga yadda fuskata ta koma, ya cire hularsa ya nuna mini wani dogon tabo inda bel ɗin inji ya taɓa ɗaye masa fatar kai, yana dariya yana cewa ma'alish, wato ba komai, kowa a nan da nasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk wannan labarin Ammu yana yin sa ne yana goge layin da hannun rigarsa. Na matsa gabansa don ya ga bakina, na ce, "Ammu, ba ka jin haushinsa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haushin wa? A kansa na koyi aiki. Da aikin na yi aure, na ciyar da 'ya'ya biyar. Ƙarfe ne, ya binti, bai san hannuna ba. Waɗanda suka ce kada a tsayar da shi don shara, su suka sani."

Ranar ban iya cin abinci ba. Bayan la'asar na kira mahaifiyata na ba ta labari.

"Mazari ɗari nawa?" ta ce.

"Ban iya ƙirgawa ba, Umma."

"To wa ke riƙe musu saɓin?"

"Ba kowa."

Ta yi salati. Na ce abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Iya ta ci gaba da samun masu sayen zarenta har ƙarshen rayuwarta, alhali irin waɗannan injinan sun daɗe da cika duniya.

"Wa ya ce miki ana saye?" in ji Umma. "Tun kafin a haife ki masaƙan garin suka koma zaren kanti. Yayana ne yake karɓa ya kai ɗakinsa na waje ya ajiye, ya ba ta kuɗi daga aljihunsa. Ya ce ranar da ta san ba mai so, ranar za ta kwanta. Mu duka mun sani."

"Zaren fa?"

"Bayan rasuwarta aka buɗe ɗakin. Buhuna ne har kusa da rufi. Na ƙasa gara ta cinye. Na sama aka raba wa masu ɗaurin kaya."

Na zauna a ƙasan kicin da wayar a hannu. Shekaru nawa ina kallon tsohuwar nan tana tsinke zare in ya yi ƙulli ta sake, tana cewa masaƙi ba zai karɓi aikin banza ba. Malam ya shigo ya same ni a haka, na kasa yi masa bayani sai da gari ya waye.

Wata huɗu bayan nan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo wa injin da wutar yanka. Mai gadi ya aiko wa Hajja, ita kuma ta yi kuskuren gaya wa Ammu. Ya tafi Shubra a ranar, ya tsaya a gaban ƙofar ya ce ba za a yanka shi da wuta ba, shi zai kwance shi. Suka ce masa, ya hajji, narkar da shi fa za a yi, yankan da kwancewar duk ɗaya ne. Ya ce ya sani. Da suka ga ba zai matsa ba, kuma ba ya ma jin abin da suke faɗa, suka ba shi mako guda.

Kwana tara ya yi, shi da mai gadi, suna kwance kusa bayan kusa. Kullum ya dawo da magariba baƙi ƙirin, yana tari tun daga ƙasan bene. Malam ya bi shi rana ɗaya ya taya shi. Ya dawo ya ce mini tsohon yana jera mazaran a ƙasa bisa tsarin da suke, yana goge kowanne, mutanen kuma suna bin bayansa da shebur suna watsa su a mota.

Tsohuwar ƙurar da ya shaƙa a kwanakin nan ta tayar masa da ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi. Aka kwantar da shi asibiti. Likita ya nuna wa Hajja hoton huhunsa, Malam na tsaye, ya ce ƙurar audugar shekaru ce ta toshe hanyoyin iska, ba abin da za a iya yi sai rage masa wahala. Da aka sallame shi ya kasa hawa matakala, sai babbar 'yarsu ta zo ta ɗauke su zuwa garin mijinta a arewacin ƙasar, inda gidan yake a ƙasa.

Ranar tafiyar maza huɗu suka sauko da shi a kan kujera, Malam na cikinsu. Da suka zo wucewa ta gabana ya sa aka tsaya, ya yi magana. Na ga bakinsa na motsi amma numfashin bai isa ya fitar da sauti ba. Hajja ta sunkuya ta saurara, ta ce yana cewa mu yafe masa in ya taɓa damun mu. Na ce shi zai yafe mana.

Ya rasu a farkon 2015, saura 'yan watanni mu dawo gida. Autarsu ce ta kira Malam ta gaya masa. Muka hau jirgin ƙasa muka je ta'aziyya, muka wuni tare da Hajja, muka dawo a ranar saboda Malam yana da zama da malamin da ke duba masa kundi washegari.